Baƙin da Gajere Ya Saukar a Kwamfuta

Abdoulaziz yana tsakiyar bayani a kan yadda ake shanya masara kafin a zuba ta a rumbu, sai ya ga fuskar Madam Raliya ta canza. Ita tana ofis a Dapaong, shi yana ɗakin zaure a gidansu na Zongon Sokodé, kwamfutar gida ce ta haɗa su. Ƙungiyar manoman da take yi wa aiki ce take neman wanda zai kula mata da rumbuna, shi kuwa tun da ya gama karatun noma a Kara bai taɓa samun wanda ya kira shi ganawa ba sai wannan karon. Ta ce ya nuna mata hotunan aikin da ya yi da manoman Kparatao, ya buɗe mata allon kwamfutarsa, ya zama duk abin da yake gani ita ma tana gani.

Daga kusurwar ƙasa wani ɗan akwati ya leƙo, yana kiransa ya zo ya yi cacar ƙwallo. Ya rufe shi da sauri. Wani ya fito da hoton kwalba, wai maganin ƙarfin maza. Ya rufe wannan, biyu suka taso. Daga nan sai allon duka ya yi ja, wata ƙara ta tashi, aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa kwamfutarsa ta kamu da cuta, ya kira wata lamba yanzu-yanzu.

Madam Raliya ta cire tabarau ta ajiye, ta kira shi da "Mushe", wato Malam a bakin masu jin Faransanci.

"Mushe Abdoulaziz, hatsin mutane za mu danƙa wa wanda muka ɗauka. Za mu neme ka."

Hoton ya ɗauke. Ya zauna yana kallon jan allon, kwat ɗin aron da ya saka ya jiƙe da zufa, hannunsa yana rawa a kan tebur. Abu ɗaya ke yawo a kansa: ta ɗauke shi ɗan caca.

Bai ji ƙarar sanda ba sai da labule ya ɗaga. Kakansa ne, Alhaji Gajere, tsohon mai masauki wanda fataken Nijar da Najeriya suka yi shekaru suna sauke kaya a wannan zauren. Duk unguwar ba mai kiran sunansa gatsal sai wannan jikan.

"…da gajiya, Mushe Diplom? An ba ka Dapaong ɗin, ko sun ce ka je ka ƙara girma?"

"Gajere, zo nan. Me ka yi wa kwamfutar nan?"

"Ka amsa gaisuwa tukuna, marar tarbiyya. Jami'ar taku ba a koyar da lafiya lau?"

"Lafiya ba lau ba. Dubi!"

Tsohon ya matso, ya ƙanƙance ido, sai fuskarsa ta washe.

"A'a, mai ja ne ya zo! Wannan ai kullum sai ya zo. Baki ne da shi kamar kai, amma ba ya cizo."

"Ka san shi ke nan?"

"Duk na san su. Akwai mai ƙwallo, akwai mai kwalba, akwai wani mai sayar da takalma, shi ya fi su kunya, daga gefe yake tsayawa."

Abdoulaziz ya dafe kai. Watannin baya shi da kansa ya koya wa tsohon buɗe shafin kokowar Nijar, don ya daina damunsa da a ara masa waya. Tun daga lokacin, da ya sha kokon safe sai ya zo ya zauna yana ihu shi kaɗai, yana koya wa 'yan kokowa yadda ake kayar da mutum.

"Ta ina suka shigo?"

"Ta ƙofa mana, ɓarayi ne? Kowannensu sai da ya tsaya ya nemi izini. Ɗan akwati ne yake fitowa daga sama, da maɓalli biyu. Ran farko na tambaye ka me yake cewa, kana can kana danne-dannen waya, ka ce mini izinin shigowa yake nema."

"Sai ka ba shi?"

"To da korarsa zan yi? Ubana bai taɓa mayar da baƙo daga bakin zauren nan ba, ni ma ban taɓa ba. Mutum ya yi sallama da ladabi, in ce masa gida ya cika? Akwatin naka ai fili ne a ciki, ko tabarma babu."

"Gajere, ba mutane ba ne! Tallace-tallace ne. Ka ba ɗaya izini, ya jawo 'yan'uwansa."

"Haka fatake suke. Ka sauki ɗaya bana, baɗi ya zo maka da ƙannensa. Da haka aka gina ɗakin da aka haifi ubanka."

"Su fatakenka goro suke kawowa. Waɗannan maganin ƙarfin maza suka kawo, a gaban matar da za ta ba ni aiki."

Tsohon ya dubi jikan sama da ƙasa.

"To ai sun dube ka ne suka ga bukata. Mutum kamar sillen kara, kwat ya fi shi nauyi."

"Kai suka zo wa. Su suka ga tsoho yana kallon kokowa kullum, suka ce bari a taimaka masa ko ya iya tashi daga kujera ba sanda."

"Ni da na kayar da Bazabarme a kasuwar Adjengré, ƙasa ta girgiza?"

"Bara ka ce a Dapaong ne."

"Mutum biyu ne, wawa."

Abdoulaziz ya so ya yi dariya, amma ba ta fito ba. Ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙusa, ya jawo kujera. Gajere ya nuna jan allon da sandarsa.

"Ga lamba nan ya rubuta. Ka kira shi mana, tun da ya ce akwai cuta. Ƙila likitan akwati ne."

"Wannan shi ne babban ɓarawon. Ka kira shi, ya ce ka buɗe masa kwamfutar daga nesa ya gyara, ya kwashe abin da ke ciki. Babu cutar da ya gani, tsoratarwa ce."

"To kai ma ai ka tsorata. Dubi hannunka."

Abdoulaziz ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur. Ya rufe manhajar shiga intanet ɗin gaba ɗaya, ƙarar ta mutu. Ya sake buɗe ta, ya shiga wurin saituna, ya nemo inda ake ajiye sunayen shafukan da aka ba izinin turo sanarwa. Sunaye ne jere, ba ko ɗaya da ya taɓa ji.

"Innalillahi. Gajere, ko lokacin aikin hajji ba a tara mutane haka."

"Gidan arziki ke nan. Kai wa ya taɓa zuwa wurinka? Ko kaza ba ta bin ka."

Ya fara cire su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya jawo kujera ya zauna a gefensa, yana leƙe.

"Wa ka kora yanzu?"

"Mai ƙwallo."

"Wannan ya tafi, dama ban yarda da idonsa ba. Wannan fa?"

"Mai kwalba."

"Kai, ka bar shi ya kwana mana. Rana ta yi zafi."

"Ya kwana a ɗakinka."

"Mai takalman dai kar ka taɓa shi. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga murya ba."

"Shi ma ya tafi tun ɗazu."

"Ba sallama, ba rakiya? Allah ya sa kar a ji a Zongo cewa jikana ne. Zan ce a tashar mota aka tsinto ka."

"Ka faɗa. Ni ma dama ina gaya wa mutane kai mai gadinmu ne."

Da ya gama da masu sanarwa, ya shiga wurin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa babbar. Ya tarar da wasu da bai taɓa sakawa ba: ɗaya wai mai saukar da bidiyo, ɗaya wai mai nemo rangwame. Ya cire su. Ya ga an sauya masa shafin farko da wurin bincike, ya mayar da saitunan yadda suke tun asali. Sannan ya duba manhajojin da ke kan kwamfutar kanta, ya ga wata baƙuwa mai hoton tsintsiya, wai mai share datti.

"Wannan fa, yaushe ta zo?"

"Ita ce ta ce in ina son kokowa ta daina tsayawa sai in sauke ta. Kuma ka ga tsintsiya ce da ita. Ka taɓa ganin baƙon da ya zo da tsintsiyarsa an kore shi? Kai da aka haifa a gidan, yaushe rabonka da shara?"

"Ita ce uwar gayyar. In ba a cire ta ba, gobe duk su dawo."

Ya kai hannu zai danna, sai ya tsaya. Fuskar Madam Raliya ta dawo masa, da yadda ta ajiye tabarau a hankali. Ya jingina da kujera.

"Ko na cire, me ya rage? Ta riga ta gani. Ta ce hatsin mutane ne. Wa zai ba ɗan caca makullin rumbu?"

Gajere ya juya sandarsa a ƙasa, ya dubi kwat ɗin da ke rataye, wanda aka aro daga maƙwabta tun jiya aka goge.

"Ita matar, da bakinta ta ce maka ɗan caca?"

"Ba ta faɗa ba. Ta ce za su neme ni."

"To. Akwai baƙon da ake kora a gidan nan, ban gaya maka ba ne don kai yaro ne. Wanda ya ci tuwonka, ya fita ya kunyata ɗan gida a gaban mutane, wannan ba ya sake kwana. Kuma ba yaro ke korarsa ba, mai gida ne. Matsa."

"Ka san inda za ka danna?"

"Nuna mini dai, surutu."

Abdoulaziz ya ɗora masa yatsa a kan maɓallin. Tsohon ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya fuskanci hoton tsintsiyar.

"Baiwar Allah, mun gode da zama. Hanya ta yi kyau. Kar ki dawo."

Ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Abdoulaziz ya saki manhajar tsaron kwamfutar ta bincike ko'ina, ta tsinto ragowar ta share. Ya kashe, ya kunna, ya buɗe intanet. Suka zuba ido. Ba wanda ya leƙo.

"Shiru kamar gidan makoki," in ji Gajere. "Kokowata fa?"

"Tana nan. Amma daga yau duk wanda ya nemi izini, ɗaya maɓallin za ka danna."

"Wato in zama marowaci irinka. To yanzu kira matar."

"In ce mata me?"

"Ka ce mata abin da ya faru, da bakin nan naka da ba ya gajiya da zagina."

Kira dai bai iya ba. Ya ɗauki waya, ya goge tafin hannunsa a wando, ya danna wurin saƙon murya. Ya gaishe ta da Faransanci, ya ba ta haƙuri, ya ce kwamfutar ta gida ce, tallace-tallace ne suka shige ta, yanzu ya cire su, in za ta ba shi dama ya ƙarasa bayanin masarar. Yana tafiya daidai. Saura ya yi sallama sai tsohon ya cuso kansa kusa da wayar.

"Madam! Ni ne Alhaji Gajere na Zongo, kakansa! Baƙin nan nawa ne, ni na sauke su! Yaron nan ba ya caca, ko kuɗin koko ba shi da shi! Rago ne, amma ba ya taɓa kayan mutane, ki ba shi makullin!"

Abdoulaziz ya fizge wayar. Yatsansa ya zame, saƙon ya tafi.

"Gajere! Ka kashe ni!"

"Na yi maka shaida kyauta, kana ihu. Tana jin Hausa?"

"Sunanta Raliya, ofishinta a kasuwar Dapaong yake. Me kake gani?"

"To ai shi ke nan, ta ji gaskiya."

"Ka ce mini rago a gaban mai ɗaukar aiki!"

"Da na ce jarumi ne, ta gan ka ai ta san ƙarya nake."

Abdoulaziz ya kai yatsa zai goge saƙon. Ya tsaya yana kallonsa. Sai dariyar da ta maƙale tun ɗazu ta ƙwace masa, har ya kifa kai a kan tebur. Bai goge ba.

Tsohon ya tashi ya shiga cikin gida, ya dawo da wata jakar fata da ta sha hanya, ya jefa masa a cinya.

"Ungo. Da ita na yi ta zuwa Dapaong tun ana kwana a hanya. Na yarda, baƙina sun yi maka ɓarna. In an kira ka, ka zuba tsummokaranka a ciki, kar ka je mini garin mutane da leda."

"Warin daddawa take yi."

"Warin arziki ne, ba ka san shi ba. In ba ka so kawo."

Abdoulaziz ya rungume jakar. Gajere ya ja kujera gaban kwamfuta, ya ce a buɗe masa kokowa. Aka buɗe. Can sai ga ɗan akwati daga sama yana neman izini. Tsohon ya yi tsaki, ya ce, "Mai gidan ba ya nan," ya danna ɗaya maɓallin.

Abdoulaziz ya duba waya. Saƙon ya isa Dapaong. Madam Raliya ba ta buɗe shi ba tukuna.