Hannun da Kakana Ya Ɗaga

"Mutanen Mobile, a ba da hanya! Ga Roscoe Tillman, gwarzon Kadojin Mobile, mai lamba ashirin da shida, wanda ya buga ƙwallo a gasar da ta mutu kafin rigarsa ta ga wanki na uku!"

Kakana ke nan nake yi wa kirari. Yana zaune a baranda yana ɓare dafaffiyar gyaɗa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Sannu, Cleavon sarkin zaman kashe wando. Ina tarwaɗar da na aike ka tun safe?"

"Tana kogi, Tsoho, ta ce in gaishe ka. Ni yanzu na wuce aike. Sabuwar gasar bazara ta ƙwallon zari-ruga ta kira ni gwaji yau da la'asar a Birmingham."

"Shara za ka yi musu?"

"Ƙwallon da aka doka sama zan riƙa cafewa. Aikinka na da, sai dai ni da haƙorana zan dawo."

Na yi dariya, amma tun da kocinsu ya bugo waya abu ɗaya nake hangowa. Ka tsaya kai kaɗai, idonka a sama, ƙarti goma sha ɗaya masu hular kwano sun taso maka a guje. Abin da na je saye ma ban tuna ba.

"Gasar bazara," in ji shi. "Mu ma haka aka ce mana. Ƙungiya goma muka fara. Ungulayen Tulsa suka kwana a Tulsa suka wayi gari a Omaha, ko hula ba su canza ba. Guguwar Fresno ana hutun rabin lokaci ta mutu. Mu Kadoji mun kai shekara ta biyu, ran nan muka je fili muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ana wasan doki a ciki."

"Ashe dawaki sun fi ku 'yan kallo."

"Sun fi ka hankali dai."

"Matata Ernestine ta ce tausayi ya sa ta aure ka, ran da ta ga an fito da kai daga fili ranga-ranga a kan katako."

"Matar wa? Ka fara sayo kifi tukuna ka nemi matar mutane, ja'iri."

Sai na zauna a matakala.

"Tsoho, wai me ya faru ran nan? Kowa da yadda yake faɗa."

"Sabo turken wawa. A ƙwallon makaranta, in ka ga sun taso maka kafin ƙwallo ta sauko, sai ka ɗaga hannu ka kaɗa. Shi ke nan, doka ta hana a taɓa ka. Masu gasarmu suka ce wannan ragwanci ne, ba ya cika fili, suka soke. An faɗa mana ya fi sau goma. Wasan farko, ƙwallo na sama, hannun nan ya tashi da kansa. Na saki jiki ina jiranta kamar mai jiran canji. A asibiti na farka, haƙora huɗu babu, kunnen hagu har yau bai dawo ba."

Na kalli hannuna.

"Su ma masu sabuwar gasar sun soke," na ce.

Ya daina ɓare gyaɗa. Ya kakkaɓe hannuwansa.

"Shekara nawa ka yi kana ɗaga hannu a makaranta?"

"Huɗu. Kafin su kore ni."

"Ɗauko ƙwallo. Fita tsakar gida."

Ya wurga ta sama, ya taso mini yana ɗingishi yana ihu. Wallahi ban san lokacin ba, sai ga hannuna a sama yana kaɗawa. Ya zuba mini sandarsa a haƙarƙari.

"Ka mutu. Sake."

"Tsoho, zan kai ƙararka!"

"Gawa ba ta ƙara. Manna gwiwar hannu a ciki, kamar ka sato kaza. Sake!"

Karo na biyu ma hannun ya tashi. Na huɗu ya kai kafaɗa, na sha sanda. Na fara tunanin in buga wa kocin in ce mura nake yi. A na bakwai na matse hannuwana, na cafe, na goce, sandar ta daki iska.

Ya tsaya yana haki, ya daɗe yana kallona. Sannan ya zaro makullin motarsa, wadda ko wanki bai taɓa bari na yi mata ba, ya jefo mini.

"Ka gani?" na ce. "Birmingham ta shirya! Ba a haifi wanda zai taɓa ni ba!"

"Tsoho mai shekara saba'in da biyu ka goce wa. Tada motar, bari in sa takalmi."