Rasuwar Tsohuwa, Kyamarar Gidan Ɗayyabu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannu ɗaure da tsumma, Mukarrama Ɗayyabu ta garin Likoro take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kudan da Maƙarfi da Ikara rasuwar kyamarar gidansu, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin wani mai gyaran agogo a Sabon Garin Zariya, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Ba a san shekarunta daidai ba, domin ko lokacin da marigayi Ɗayyabu mai hoto ya sayo ta, bazawara ce.

Marigayiya ba ta taɓa neman caji ba. Ba ta taɓa ƙara wa kowa hasken fata ba: baƙi ya fito baƙi, mai giɓi ya fito da giɓinsa. Maganarta biyu ce tak a duniya. In an danna ta ta ce ƙyas, in an murɗa ta ta ce ƙirrr, sai ta yi shiru har a sake bukatarta. A bayan keken Ɗayyabu ta zaga sunaye da saukar karatu daga Gubuchi har ƙauyukan Ikara, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta, ba ta yi ƙorafi ba. Da Allah ya yi masa rasuwa ta yi shekara shida a ƙasan akwati, da fim ɗaya a cikinta wanda saura hoto huɗu ya ƙare. Mukarrama ce ta tono ta bayan ta gama difloma, ta rataya ta a wuya. Baffanta Abdulbaƙi ya ce mace da baƙin ƙarfe a ƙirji ba tsari ba ne, ga waya a hannun kowa. Ta ce ta ji, Baffa. Ba ta cire ba.

Ajalin Tsohuwa ya biyo ta hanyar dogo ne.

Duk wanda ya san tashar garin ya san tsohon kan jirgin nan mai kwal da aka ture gefe tun kafin a haifi Mukarrama, ya yi tsatsa, awaki na kwana a inuwarsa. Kakanta Malam Ya'u, mahaifin Ɗayyabu, shi ne mai zuba masa kwal a zamanin ƙuruciya, shekara tara yana shebur tsakanin Zariya da Kano. Yau shekara biyu ke nan bai fita ɗaki ba, ƙafafu sun ƙi. Da labari ya zo cewa 'yan gwangwan sun saye kan jirgin, za a ɗaure shi a bayan mai dizal a ja shi inda za a yayyanka shi, gida ya haɗa baki kada tsoho ya ji. Sai dai wata baƙuwa ta yi suɓul da baka a tsakar gida cewa jirgin Malam zai tashi ran Juma'a. Da ya tambaya, Mukarrama ce ke kusa, ita ce kuma ta ce masa gyara shi aka yi.

Ranar tsoho ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Ya kira ta da sunan da yake tsokanarta da shi, ya ce, "Amarya, ki ɗauko mini shi yana tafiya. Kada ki kawo mini shi a tsaye, na gaji da jin labarinsa a tsaye."

Ta ce, "Angon da ba ya iya raka ni ƙofar gida shi ne mai aike?" Amma ta yi alkawari.

Ɗaukar abin da ke tafiya ba wasa ba ne. Mahaifinta ya taɓa nuna mata: ka kafa ƙafafu, ka ɗora ido a kan abin tun yana nesa, ka bi shi da ƙugu, ka danna ba tare da ka tsaya ba, ka ci gaba da juyawa har ya wuce. Wanda ya tsaya don ya danna, inuwa zai ɗauka. Kwana biyar Mukarrama tana tsayuwa a bakin titi da Tsohuwa a fuska, tana bin manyan motoci da ƙugu ba ta dannawa, don hoto huɗu ba na gwaji ba ne. 'Yan acaɓa suka sa mata suna Fanka. Ta ji, ba ta waiwaya ba.

Saura hayaƙi. Jirgin da aka gyara dole ya yi hayaƙi. Ta je wurin Talatu, ƙawarta da ke aure gidan masu mazarƙwaila, suka ciko buhu biyu da tukar rake, suka yayyafa mata ruwa. Ta roƙi shugaban 'yan gwangwan har ya gaji ya ce ta yi abin da za ta yi, ƙarfe dai nasa ne ko da hayaƙi ko babu. Suka sa rabin duro a cikin akwatin da ke ƙarƙashin bututun hayaƙin jirgin, suka hura wuta, suka danne ta da jiƙaƙƙiyar tuka.

Da hantsin Juma'a ta tsaya a kan wani kwalbati gaba da tasha, inda layi ya ɗan lanƙwasa, yadda mai dizal zai fita daga hoto a bar na baya shi kaɗai. Ƙasa ta fara rawa. Ga tsohon kan jirgin nan tafe, bayan shekara arba'in da wani abu, yana kuka kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba, hayaƙi na kwance a bayansa. Tsohuwa ta ce ƙyas. Ta ce ƙirrr. Ta ce ƙyas. A na uku Mukarrama ta bi shi da ƙugu har ta manta inda kwalbati ya ƙare. Ta ji maganar marigayiya ta ƙarshe a iska, sannan duwatsun dogo suka karɓe su su biyu.

Idon Tsohuwa ya tsage. Hannun murɗa fim ya ƙage. Mukarrama ta tashi da targaɗe da fasasshen leɓe, ta naɗe ta a mayafi don kada haske ya shiga ta inda ta fashe, ta hau mota zuwa Zariya ba ta ko biya gida ba. Mai agogo ya shiga ƙarƙashin bargo ya zaro fim ɗin da laluben hannu, aka aika Kano wurin wankin hoto. Ita kuwa Tsohuwa ya yi ta fama da ita da ɗan sukundireba da man keken ɗinki, har ranar da ya cire tabarau ya tura ta gaban mai ita, ya ce sai haƙuri.

Hoto ɗaya ne ya fita. Mai makoki tana so a rubuta, don masu cewa Fanka su karanta, cewa hoton ya yi. Kan jirgin ya fito tar, har ana ƙirga ƙusoshinsa. Dawa da itatuwan da ke bayansa sun zame kamar ruwa mai gudu. Babu alamar mai dizal.

Ta durƙusa ta miƙa wa Malam Ya'u. Ya matsa da shi bakin taga, ya daɗe yana kallo. Ya sa ɗan yatsa a kan ƙafafun jirgin, inda hannayen ƙarfen da ke juya su ya kamata su kasance, waɗanda 'yan gwangwan suka kwance tun kafin a ja shi. Mukarrama ba ta san ma da su ba. Ya gangaro da yatsan inda tururi ke fesowa, babu komai. Sannan ya hau kan hayaƙin.

"Wannan hayaƙin mazarƙwaila ne," in ji shi. "Wa ya hura wutar?"

"Ni ce, Kaka."

"Da a hannuna kike da na kore ki tun kafin a bar tasha." Ya sake duban ƙafafun jirgin. "Jansa suke yi, ko?"

Ta ce jansa suke yi. Ya tambayi inda suka kai shi, ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Bai ci abinci ba ranar, bai kira ta Amarya ba har kwana uku. Hoton dai bai mayar mata ba, kuma Inna Zulai da ke share ɗakin ta ce duk sanda ta shiga yana hannunsa.

Marigayiya ta rasu ta bar igiyar wuya ɗaya, da jakar fata ɗinkin dukawa, da murfin gwangwanin madara da ya daɗe yana rufe mata ido, da kwalaben fim uku da Inna Zulai ke ajiye allura a ciki. Ta bar 'ya'ya ba adadi a bangon ɗakuna da ƙasan akwatuna a ƙananan hukumomi uku, mafi yawansu sun koɗe. Ta bar auta ɗaya a hannun Malam Ya'u. Ta bar Mukarrama, wadda ba ta neman afuwar kowa sai ta mutum ɗaya.

Malam Yahya liman ya ce ƙarfe ba shi da salla, iyalai sun ji sun bi. Za a binne ta a cikin jakarta ranar Asabar bayan la'asar, a gefen tasha, a filin da kan jirgin ya bari. Ba a bukatar masu haƙa. A rana ta huɗu da karɓar hoton Malam Ya'u ya aika a kira jikarsa, ya tambayi inda za a kai gawar, ya ce a nemo kura irin ta 'yan ga-ruwa a shimfiɗa masa katifa a ciki, za shi. Baffa Abdulbaƙi ne zai tura. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su ba tsoho hanya, kada kuma wani mai tausayi ya karɓi shebur daga hannunsa. Ya ce ko zai kai magariba, shi zai zuba ƙasar.