Addu'ar da Na Yi wa Amaryar Kakuri

Ba zan taɓa mantawa da kwana na tara na tafiyata ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina. A tsakiyar shekarun 1980 ne, na gama kwalejin horon malamai a Gusau, na goya jaka na ce zan zaga ƙasa ni kaɗai. Har na gaya wa abokaina cewa namiji ba ya buƙatar ɗan rakiya. (Dama babu wanda ya ce zai raka ni.)

Kafin in iso Kaduna kaɗaici ya gama da ni. Kwana tara ba wanda ya kira sunana. Hira mafi tsawo da na yi da wani kwandasta ce, shi ma cewa ya yi in matsa.

Ranar Asabar da la'asar ina gararamba a Kakuri, bayan masaƙa, sai na ji kiɗa. Ga rumfa, ga mata cikin anko suna rawa, ana raba shinkafa da lemon kwalba. A garinmu kiɗa da anko abu ɗaya suke nufi, wato biki, kuma ba a korar baƙo a gidan biki.

Wani bakanike ɗan Ibo, Oga Emeka, ya matsa mini a benci. Ya nuna hoton wani dattijo da aka jingina a kan tebur, an kewaye shi da furanni.

"Malam, kai ma ka san shi?"

"Sosai," na ce. "Mutumin kirki ne." (Wane ango ne ba mutumin kirki ba ranar aurensa?)

"Babu irinsa a Kakuri," in ji shi, yana share ido. Na ɗauka hayaƙin girki ne.

A tsakiyar rumfa wata mata ce zaune cikin fararen kaya, kanta a sunkuye, mata na yi mata fifita. Ta haura hamsin, amma na ce a raina rabo ba ya tsufa. Na ga ana layin gaishe ta, ni kuma na ci shinkafar mutane, sai na bi layi. Na durƙusa, na ɗaga murya don kada kiɗa ya danne ni. Daidai nan makaɗa suka tsaya shan ruwa.

"Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya ke da maigida. Allah ya kawo ƙazantar ɗaki!"

Mutanen nan 'yan Ibo ne, amma sun shekara ashirin a Kaduna. Babu kalmar da ta wuce su.

Oga Emeka ya dafa kafaɗata. "Malam, maigida yana cikin akwati. Gobe mota za ta kai shi gida."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Matar ta ɗago. Ta dubi jakata, ta dubi takalmina da ya ga duniya.

"Ɗana, ba ka san shi ba, ko?"

"Ban san shi ba, Mama."

"To me ya kawo ka?"

Ƙarya ta ƙare mini. "Ba ni da wanda zan yi magana da shi ne."

Ta matsa gefe, ta buga benci da tafin hannu.

"To, mun zama biyu. Zauna."

Na zauna har magariba tana ba ni labarin mijinta. Washegari na sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Gusau. Tun daga ranar, in kewa ta dame ni sai in faɗa kawai. In kuwa na ga hoton mutum cikin furanni, sai na tambayi inda mai hoton yake kafin in buɗe baki.