Ruwan Inabin da Na Haɗa wa Masu Azumi

Azumina na farko a Guangzhou ta ƙasar Sin ke nan, na je sarin jan-baki da hoda irin waɗanda 'yan fim ke shafawa ranar karɓar kyauta. Babu zoɓo a garin, ni kuwa na ci alwashin sai 'yan'uwana 'yan kasuwa sun sha abin kirki da buɗa-baki.

Na sayi inabi kwando guda, na matse da hannuna, na zuba sukari, na rufe a tulu kusa da murhu. Daga nan na tafi masana'anta a Panyu zaɓen launin jan-baki, na yi kwana goma sha biyu. Da na dawo na tarar yana kumfa, na ce ai kyau ya ƙara. Ina azumi, ban ɗanɗana ba.

Da muka taru buɗa-baki a masaukina, Malam Habu, dattijon da ke mana limanci, shi na fara miƙa wa. Ƙishirwa ta sa ya shanye kofi guda. Sai matar da ta ba ni haya ta leƙo, ta shinshina tulun, ta ɗaga mini babban yatsa. Ta kira ni "Laoban", wato maigida da Sinanci, ta ce, "Giyarka ta fi ta mijina."

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Ɗana, shekara sittin da takwas bakina bai taɓa ta ba." Wani ne ya ja mana magariba.

Malam ya yafe mini kafin ya rasu. Sauran kuwa har yau a Kano, ko ruwan leda na miƙa wa ɗayansu, sai ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, wannan kwanansa nawa?"