Ƙurɗuba a Hawa na Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da kwanakin da na yi a Andalus ba, duk da ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Mu uku muka shirya tafiyar kwana huɗu zuwa Ƙurɗuba ta Andalus daga Alƙahira bayan jarrabawa: ni da abokan zamana, Bashir da Mujittaba. Tun kafin a nemi biza na riga na fesa wa Rumaisa, 'yar Maraɗin da ke karatun likita a Giza, wadda na shekara biyu ina bibiya. Na yi mata alkawarin zan tsaya a kan tsohuwar gadar garin in ambaci sunanta sau bakwai (littattafan soyayyar da na haɗiye tun ina sakandare su suka lalata ni). Ranar ce ta fara yi mini murmushi na gaske.

Su biyu suka samu biza. Ni aka hana ni, don takardar zamana ta kusa ƙarewa; ina can ina tsara wasiƙu, ban sabunta ta ba. Bashir ya ce ma'alish, ba komai, in gaya mata gaskiya kawai. Na ce jarumi ba ya faɗuwa tun a babin farko.

Sai na kulle kaina a gidanmu na Hayyin Ashir, hawa na huɗu. Su turo hotunan gada da ginshiƙan masallaci, ni in miƙa mata haɗe da kalamai masu narkar da zuciya. Abinci kuwa na ari dabarar matan Masar: in zura kwando da igiya ta baranda, Ammu Sayyid mai shagon ƙasa ya sa mini burodi da wake, in janyo.

Rana ta uku da hantsi na rubuta mata cewa ga ni kan gadar, iskar kogi na kaɗa ni, na kai ambaton sunanta na biyar. Na fita baranda da singileti, na zura kwando, na leƙa. Ga Rumaisa tsaye gaban shagon, waya a hannu. Ashe lallen Sudan ta zo saya a layinmu. Ammu Sayyid kuma (bawan Allah, tausayi ne ya sa shi) yana nuna mata sama, wai ga ɗan'uwansu can kwana uku bai sauko ba, ko rashin lafiya ce.

Ta ɗaga kai, muka haɗa ido.

"Malam, sannu da hanya," ta ce. "Saura biyu, ƙarasa mana."

Na tsaya riƙe da igiya. Ta sunkuya kan kwandon, sannan ta juya ta tare mota.

Da na janyo, ga burodi, ga wake, ga zoben azurfar da na ba ta bara.

Yanzu takardata sabuwa fil, amma babu sunan da zan kai gadar. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: duk mai shirin zuwa Andalus daga baranda, ya fara tanadin burodin kwana huɗu.