Idon Sarkin Kusurwa

Duk wanda bai ji labarin Maman Lawali ba a Maradi, to baƙo ne ko kurma. Mai walda ne a unguwar Zariya, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Sunan da ya raɗa wa kansa Sarkin Kusurwa, kuma ya rubuta shi a bangon ateliyensa, wato shagon aikinsa, da haruffa masu tsawon mutum. Tumbinsa ke fara shiga wuri, shi ya biyo baya. In aka ce ido ba mudu ba ne, sai ya ce, "Ban da nawa."

Wata rana Tahira, mai lambun zogale a Jiratawa, ta zo neman ƙofar ƙarfe. Awaki sun addabe ta, ga zogalen saura mako guda a tsinka, kuma da shi take ciyar da gidanta. Sarki ya bugi ƙirji ya ce saboda ita ma zai sayi sabon injin zarto.

Ranar sayen ya sa babbar riga, ya ɗebi 'yan kallo a a-daidaita biyu. Idirisa mai shago ya nuna masa wani ɗan inji marar hayaniya, mai riƙe ƙarfe gam, kansa na juyawa bisa lambobi.

"Patoro maigida, wanga ka ɗauka. Ka aje shi bisa arba'in da biyar, kusurwa ta haɗu kamar leɓe."

Sarki ya yi dariya har hularsa ta goce. "Lambobi? Mi zan yi da su? Makaho ka neman sanda, Idi. Kunna mini wancan jan!"

Jan kuwa ƙato ne, kwancen wata masana'anta, ba lamba ko ɗaya, maƙalinsa na rawa kamar haƙorin tsohuwa. Da aka kunna shi, kaji suka watse, mai shayi ya zubar da buta. Sarki ya lumshe ido don daɗi. "Ka ji muryar aiki! Har garin Tsibiri za su san na tashi."

Kuma sun sani. Kwana uku yana yanka, yana kanne ido ɗaya, yana cewa "daidai". Inda ƙarfe ya ƙi haɗuwa ya cike da walda, ya shafe da fenti.

Aka kai ƙofa Jiratawa da rakiya. Sarki ya hau kan bulo ya yi jawabin rabin awa a kan yadda Turawa za su zo koyon aiki wurinsa. Sannan aka rataya ta. Sama ta rufu lafiya lau, ƙasa kuwa ta bar gibin da bunsuru zai wuce bai sunkuya ba. Awaki har sun fara layi.

"Ƙasar Jiratawa ce ta karkace," in ji Sarki. "Dama na lura tun daga hanya."

Ran Tahira ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko kujerar tsugune ta ajiye a gibin, ta miƙa masa sanda.

"To, Malam, zamna nan kahin ƙasar ta miƙe."

Don kunyar jama'a ya zauna. Tumbin ya toshe gibin tsaf, ko ɗan akuya bai sami hanya ba. Mutanen Jiratawa suka yi tafi da gaske, don a duk aikin Sarkin Kusurwa wannan ne kaɗai ya zo daidai da awo.