Kwanon da na kai wa surukina

Ƙaras-ƙaras na ji a bayan randa ina cikin kwasar tuwo. Na leƙa, sai ga baƙar kunama ta ɗaga ƙari. Ni da na yi sakandare, ai ihu ba nawa ba ne. Kashe ta kuma na kasa, halittar Allah ce. Na sa mara na tura ta cikin sabon kwanon da maigida ya sayo mini a kasuwar Lolo shekarar 'yancin kai, na rufe, in na gama aiki in zubar da ita bayan gari. Har ina yaba wa kaina.

Na manta kwanonin biyu ne, iri ɗaya.

A ranar kuwa surukina ya zo daga Zagga. Na durƙusa na ajiye masa abinci. Ban kai ƙofa ba na ji bisimillarsa, sannan ƙarar murfi. Tsohon da ba ya tafiya sai da sanda ya riga ni fita tsakar gida.

"'Yar nan," ya ce yana haki, "me na yi miki?"

Ashe kwanon kunamar na kai masa, tuwonsa na can bayan randa.

Jiya na miƙa wa jikata kwano, ta ja da baya. "Kaka, buɗe da kanki tukuna."